Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu, Masu Hawa da Gyaran Itatuwa a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dattawanmu da iyayen gidanmu a sana'a, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwa mahaya da 'yan ƙasa masu tsaya musu a gindin bishiya, da yaranmu masu koyo, barkanku da ganin ƙarshen wannan shekara.

Shugaba ya umarce ni, a matsayina na magatakarda, in tattara abin da muka yi tun daga hunturun bara zuwa yau. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi daban. Ni nawa aikin da rayukan masu yinsa ne.

Zan fara da abin da ya fi tsaya mana a rai. A tsakiyar bazara ɗaya daga cikinmu ya tafi shi kaɗai rage wani dogon yaro da ya jingina da katangar wani gida a Mabera. Ba yaro ba ne, da yawa a cikinmu a hannunsa muka koyi hawa. Reshen da ya taka lafiya lau yake a ido, ashe gara ta cinye cikinsa. Babu igiya a jikinsa, babu kowa a ƙasa. Ya faɗo ya karye a cinya, kuma sai da yaran gidan suka dawo daga makaranta aka san halin da yake ciki. Kun yi karo-karo, kun yi ta zirga-zirgar dubiya, Allah ya saka muku da alheri. Yanzu yana takawa da sanda, amma hawa ya ƙare masa, kuma da hawan yake ci da iyalinsa.

A zaman da muka yi bayan faɗuwarsa aka yanke cewa ɗan ƙungiya ba zai ƙara hawa shi kaɗai ba. Dole a samu ɗan ƙasa, kuma ɗan ƙasan ya zama wanda zai iya hawa ya sauko da mutum idan abu ya faru. Mahayi kuwa, kafin ya sa zarto, ya ɗaure kansa a wuri biyu, don in ɗaya ya saki ɗayan ya riƙe shi. Wasu sun yi ƙorafi cewa ladan mutum ɗaya ne za a riƙa raba wa biyu. Gaskiya suka faɗa, kuma ban ga laifinsu ba, domin kowa ya san yadda kwanon gero yake a kasuwa. Amsar da muka samu ita ce mu sa ladan ɗan ƙasa cikin ciniki tun farko, kuma kada wani ya zagaya ya karɓi aikin da ɗan'uwansa ya bari saboda wannan dalili. Yawancinku kun riƙe alkawari. Akwai waɗanda suka zagaya. Ba zan kama suna ba, dattawa sun riga sun kira su, amma ina roƙonsu su je su gaida ɗan'uwanmu su ga yadda yake tashi daga tabarma.

Kayan aiki

Daga asusun ƙungiya an sayi ɗamarar hawa, igiyoyin hawa na ainihi da hulunan kwano masu maɗauri a haɓa. Suna ɗakin ajiya, ana karɓa da sa hannu a littafi. Da muka duba igiyoyin da 'yan'uwa ke aiki da su, abin ya ba mu tsoro: akwai igiyar guga, akwai ta ɗaure kaya a mota, wasu rana ta gasa su har suna fitar da gari idan aka murza. Igiyar roba ba ta son rana, ba ta son fetur ko ruwan batir, kuma takan mutu ta ciki alhali bayanta na nan kamar sabuwa. Don haka aka ware: igiyar da ke riƙe mutum daban, wadda ake sauke gungume da ita daban, an shafa wa bakin kowacce fenti mai launi dabam don kada a haɗa.

Wandon kariya, wanda zarensa ke cushe injin zarto ya tsayar da sarƙarsa kafin ta kai ga tsoka, ba mu saya ba. Tsada na ciki, sannan a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sa shi ma wata wahala ce. Duk da haka ina ganin ko guda ɗaya ne ya kamata mu mallaka, don masu yanka gungume a ƙasa. Kafin nan, mun tsayar cewa a bazara a fara aiki bayan sallar asuba a sauko da hantsi. A azumi ma haka aka yi, kuma babu wanda jiri ya ɗauka a sama.

Injin zarto shi ne ya fi cin lokacinmu a zaman koyarwa da muke yi ƙarshen wata. Da yawa daga cikin munanan raunuka daga harbin inji suke: idan saman bakin takobin, wato ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, ya taɓa itace, sarƙar kan cije, injin ya yi tsalle ya nufo fuska ko kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Saboda haka ne aka yi masa birki a gaban hannun hagu. Mun samu injuna masu ɗauke da sunan Stihl da Husqvarna waɗanda jabu ne, birkinsu ado kawai, wasu kuma masu su ne suka cire shi wai yana damunsu. Duk injin da birkinsa ba ya kamawa an hana hawa da shi. Haka nan riƙe inji da hannu ɗaya, da yanka sama da kafaɗa, da tada shi a jefe, wato a finciki igiyarsa yana reto a hannu.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ke neman inda zai rage kashewa, sai aka koma auna mai da ido ko da gwangwanin tumatir. Ma'aunin injunan nan, idan man haɗi mai kyau ne, kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato lita 5 da mililita 100. Wanda ya rage, fistin zai ƙone, kuɗin gyara ya ninka abin da ya adana. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa ba man sarƙa ba ne, yana cinye takobi, yana ɓata fata. Da hunturu a buɗe matatar iska kullum a kaɗe ƙura. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, in ka ga tana fitar da gari to ka zauna ka ɗauki magagari, domin dakusasshiyar sarƙa ita ke sa mutum dannawa da ƙarfi har ƙafarsa ta goce.

Sai kunne. Ƙarar injin zarto ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 85 ake fara lahanta ji idan an daɗe a ciki. Akwai iyayen gidanmu da sai an ɗaga murya suke ji, kuma ba tsufa ne kaɗai ya jawo ba. Abin toshe kunne shi ne mafi arha a duk kayan da muka saya, shi ne kuma aka fi bari a aljihu.

Wayar wuta

A nan babu sassauci. Manyan wayoyi masu ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa su ba, wuta na iya tsallakowa idan an matsa kusa, kuma ɗanyen reshe yana ɗaukar ta. Cewa an ɗauke wuta ba hujja ba ce, ana iya dawo da ita kana sama, janaretan wani gida ma na iya turo ta cikin layi. Duk aikin da ke kusa da waya yanzu ta hannun ƙungiya yake bi: mu kai takarda ofishin kamfanin wuta, ma'aikatansu su kashe layin suna tsaye. Ayyuka sun yi jinkiri saboda haka, wasu masu gida sun yi fushi, amma bana wuta ba ta taɓa kowa a cikinmu ba. Alhamdu lillahi.

Ayyukan shekara

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muka zaga unguwanni tun kafin hadari ya fara haɗuwa muna nuna wa mutane rassan da suka mutu. Waɗanda suka saurara sun huta. Da iskar farkon damina ta zo, kira ya yi ta shigowa daga Runjin Sambo, Arkilla, Gawon Nama da Tudun Wada. Ina tunatar da matasa cewa bishiyar da ta faɗi ta fi ta tsaye haɗari, domin reshen da ya danne kamar baka yake da aka ja, yana sakuwa sai ya doki mai yanka. Mun yi aikin gayya a maƙabarta, da harabar wani masallacin Juma'a, da wata makarantar firamare inda tsamiya ta sunkuyo kan aji. A can muka tarar da zuma a kogo, aka ɗaga aikin sai da mai ɗebe zuma ya zo.

Abin da har yanzu muke fama da shi shi ne mai gida ya ce a aske masa bishiya ƙwal, a bar kututture tsaye. Dogon yaro zai tofo, ba shakka, amma tofon a fatar itacen kawai yake maƙale, bayan 'yan shekaru shi ne iska ke karyawa ya faɗa kan kwano, ruɓa kuma ta bi ta saman da aka buɗe. Abin da muke koyarwa shi ne kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara, kuma babban reshe a yanka shi sau uku: a tsaga ta ƙasa, a yanke ta sama gaba kaɗan don kada ya ɓare bawo, sannan a cire guntun daidai bayan kumburin da ke gindin reshen. Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa na ƙasar Amurka, ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin ta jikin mutum, katange ciwon take yi ta ciki, kuma wannan kumburin shi ke rufe bakin. Shafa fenti ko baƙin mai a wurin ba ya ƙara komai.

Mutane da yawa ba sa bambanta mu da masu sara don gawayi, kuma wannan na yi mini ciwo. Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda saboda su aka kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, ta dashen itatuwa don tare hamada, a 2015. Dogon yaron da muke sha wa inuwa baƙo ne daga wajen Indiya, a Borno aka fara dasa shi a 1928, mutane ne suka yi ta ban ruwa har ya rufe titunanmu. Gawo na ciyar da dabbobi da rani, bagaruwa da 'ya'yanta majemanmu ke jeme fatar akuya. Bana mun ƙi karɓar ayyukan kada lafiyayyun itatuwa, wanda kuma ya zama dole sai an nuna mana izini daga ofishin gandun daji. Dashen da muka yi da damina, waɗanda aka yi wa keji sun kama, sauran awaki sun cinye. Laifinmu ne, badi ba za mu dasa abin da ba mu tanadar wa keji ba.

Abin da ya rage

Gwajin sauko da wanda ya ji ciwo a sama sau ɗaya kawai muka yi, kuma ya ɗauke mu lokaci mai tsawo. Mutumin da ya suma yana rataye a ɗamara ba ya jira, saboda haka za mu riƙa yin gwajin duk wata. Wani ma'aikacin jinya ya nuna mana yadda ake tsayar da jini, ya kuma shawarce mu da allurar tetanas, amma akwatin agajin gaggawa ɗaya ne tal muke da shi. Asusun jinya ya kusa ƙarewa a kan ɗan'uwanmu, masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya. Iyayen gida kuma, don Allah kada a miƙa wa yaro inji kafin ya ƙware a ƙasa, ya iya ƙulli, ya iya wasa sarƙa.

Zama na gaba Asabar ɗin farko ta wata mai kamawa ne, bayan la'asar, a inda muka saba. Kowa ya zo da igiyarsa da injinsa, za a duba su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan mu wuce Mabera gaba ɗaya mu gaida mara lafiya.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin shugabannin ƙungiya