Wasiƙa Kan Tsohon Turambon Mai Kaurin Murya

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da sauran mutanen gida. Mu ma nan Chicago alhamdu lillahi, sai dai sanyi ya sako mu gaba. Saƙonka ya iso, na ga kana neman babban turambon, abin busar nan na tagulla mai sandar da ake ja don sauya murya, wato na bas mai kaurin murya, wanda za ka ɗora yaran makarantarku a kai, kuma wani ya hure maka kunne cewa in ba samfurin 62H na kamfanin Conn ba, mai bawul biyu, kada ka taɓa. To, bari in gaya maka abin da nake gani a shagon gyaran da nake aiki.

Gaskiya ne 62H kaya ne. An yi shi a garin Elkhart na jihar Indiana a ƙarshen shekarun 1960, faɗin bakinsa, inda amo ke fitowa, inci 9.5, tagullarsa mai yawan jan ƙarfe ce, ga ta da sirara, shi ya sa da ka ɗan hura iska sai ya amsa. Wurin saita muryarsa ma a jikin sandar ja yake, ba a bayan baki ba, saboda haka bututun yana buɗewa a hankali babu tsaiko. Bayan an sayar da kamfanin a 1969, aka kwashe aikin zuwa Abilene ta Texas, masu busa suka ce hannun ya canza. Tun daga nan duk wanda aka zana wa Elkhart a baki kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Haka labarin samfurin 50B na kamfanin Bach yake: waɗanda aka ƙera a Mount Vernon ta jihar New York, daga 1953 har kafin a koma Elkhart a 1965, su ake rububi.

Amma me yaranka za su yi da bawul biyu, wato maɓallan da ke juya iska cikin ƙarin bututu don murya ta sauka? Ka san dalilin da ya sa aka ƙara na biyun. Mai bawul ɗaya yana sauka ƙasa lafiya lau, sai dai akwai murya guda, B ta can ƙasa, wadda sanda ba ta kaiwa sai ka zaro bututun bawul ɗin ka mayar da shi E. Manyan makaɗa irin su Edward Kleinhammer, wanda ya busa a ƙungiyar Chicago Symphony daga 1940 zuwa 1985, su ne wannan ya dama, kuma da shi kamfanin Holton ya yi aiki wajen ƙera nasu mai bawul biyu. Kamfanin King ma sun fito da samfurinsu Duo Gravis tare da Alan Raph, mai amo kamar kakakin sarki ranar hawa, 'yan jaz suna mutuwar sonsa. Duk waɗannan na farko, bawul na biyu ba ya aiki sai ka danne na ɗaya, kuma sau da yawa maɓallan biyu a ƙarƙashin babban yatsa suke. Kullum ana kawo mana su mu raba maɓallan, ɗaya ya koma yatsan tsakiya. Ga nauyi kuma. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya riƙe wannan a fareti cikin rana, kafin a gama wuyan hannunsa ya sage.

Ni dai da ni ne kai, Conn 72H zan nema, mai bawul ɗaya. Ramin bututunsa inci 0.562 ne kamar sauran, ba shi da nauyi, kuɗinsa bai kai na 62H ba, kuma waƙoƙin fareti da wuya su nemi wannan B ɗin. George Roberts, wanda ake wa laƙabi da Mista Bas Turambon, da mai bawul ɗaya ya yi sunansa.

Ko wanne ka samu, sandar za ka fara dubawa kafin sunan. Ka zare bututun waje na sandar, ka duba ƙarshen bututun ciki inda ya ɗan yi kauri: in farin shafin ya goge har rawaya ta bayyana, za ta riƙa kartar hannu kamar da yashi a ciki. Ka toshe ƙarshen biyu ka ja, in ba ka ji tana tsotsa ba, tana yoyo. Ɗigo-ɗigon ja a jikin bututun waje kuma tsatsa ce da ke ci daga ciki, ba ta gyaruwa sai an canza bututun. Lotsewar baki ko ɓarewar fenti kada su ɗaga maka hankali, wannan aikin yini ɗaya ne. Sa'annan ka tuna ƙurar hunturu. A riƙa goge sandar bayan kowane atisaye a mayar da turambon ɗin akwatinsa.

In ka amince, ka sanar da ni iyakar abin da makarantar ta ware, zan sa ido a nan, in gyara shi da hannuna kafin in ba wani mai zuwa gida ya taho maka da shi.

Ka gaishe min da Inna, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida su malam da duk abokan zamanmu na ƙofar gida.

Naka har kullum,
Abokinka