Zuwa ga Ummi, kan maganar canja kwas

Assalamu alaikum Ummi,

Da fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin garin naku a Amurka? Mu nan lafiya lau, Hajiya da ƙannenki suna gaishe ki.

Na karanta saƙonki a tsanake. Kin ce zuciyarki ta kwanta da likitanci, kina so ki bar injiniyancin sinadarai ki koma bayoloji daga zango mai zuwa. Likitanci kam ban hana ki ba, Allah Ya yi albarka. Canja kwas ɗin ne ban amince da shi ba tukuna.

Tsarin Amurka ba irin namu ba ne. A nan yaro yana gama sakandare zai rubuta JAMB, in ya samu gurbi ya shiga MBBS, wato digirin likitanci, shekara 6. A can sai kin kammala digirin farko kafin ki nemi makarantar likitanci ta shekara 4, kuma ba su ɗaura wa kowa wani kwas ba. Wanda ya karanta tarihi ma ana ɗauka. Darussa suke dubawa: bayoloji, kemistiri, oganik da fiziks, galibi shekara guda-guda tare da aikin ɗakin gwaji, sai bayokemistiri. Fiziks da kemistiri da lissafi kin riga kin ci rabinsu a inda kike. Abin da ya rage za ki iya ɗauka ba tare da kin bar sashenku ba.

Na san injiniyanci yana cin maki, su kuma makarantun likitanci maki suke kallo, har ma suna ware na darussan kimiyya su lissafa daban. Darasin da aka faɗi aka maimaita, duka biyun suna shiga lissafi. To in makinki ne ke zubewa, gaya min gaskiya, wannan dalili ne da zan saurara. In kuwa wani darasi ne ya ba ki wuya kike neman mafita, oganik na nan yana jiran ki a bayolojin ma. Ga kuma MCAT a gaba, jarrabawar shiga makarantar likitanci da ake wuni ana yi, sama da awa 7. Makinta daga 472 zuwa 528 ne, waɗanda ake ɗauka kuwa matsakaicinsu ya ɗan haura 510. Tun 2015 har da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa a cikinta.

Abin da ya fi damuna fasfonki ne, Ummi. Ke baƙuwa ce da bizar ɗalibi. Makarantun likitancin da ke karɓar baƙi ba su da yawa, kujerun da suke ba su ma 'yan kaɗan ne. Bashin karatu na gwamnatin tarayyarsu bai shafe ki ba. Wasu makarantun sai an nuna musu kuɗin shekara guda, wasu har na shekara 4, a ajiye, kafin ki taka aji. Kin san aljihuna, kin kuma san yadda dala take. Ɗalibi mai ƙwazo yakan nema ya rasa, ba don laifinsa ba. Ranar da haka ta faru, takardar injiniya ta fi ta bayoloji saurin samo aiki, a ganina. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

In ta can ba ta yiwu ba, gida na nan. Mai digiri mai kyau yana iya neman shiga aji biyu na MBBS ta JAMB, a Zariya ko a Bayero, ko da yake nan ma gurbin a ƙididdige yake.

Kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki ga mai ba masu neman likitanci shawara a makarantarku, ki tambaye shi ƙarara baƙi nawa suka samu shiga daga wurinsu. Ki biya ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin canja kwas sai an gyara I-20 ɗinki, takardar da makaranta ta ba ki ta bizar ɗalibi. Sannan wannan hutun ki nemi aikin sa-kai a asibiti, ki ga jini da kukan dangin majinyaci da idonki. Hajiya ta ce in tuna miki yadda kike gudun allura. Ni dai na isar da saƙo.

Ki turo min sakamakonki na zangon da ya wuce kafin mu yi waya ranar Asabar.

Wassalam,
Mahaifinki