Malam, tilasta ni aka yi ko ni na zaɓa?

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira. Wata damuwa ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta gabanka.

Wata huɗu da suka wuce shugabanmu a wurin aiki ya kira ni ofishinsa, ya turo mini wata takarda. An rubuta cewa sakacin wani abokin aikina ne ya sa kaya suka salwanta. Na san ƙarya ce, don ranar ma bai zo aiki ba. Shugaban ya ɗora biro a kan takardar, ya ce, "Ba dole, zaɓi naka ne. Amma ka san ana shirin rage ma'aikata." Ƙofa a buɗe take, Malam, babu wanda ya riƙe ni. Na tuna 'ya'yana uku, na sa hannu. Bayan mako biyu aka sallami bawan Allah.

Tun daga nan nake lallashin kaina da cewa tilasta ni aka yi. Na ji malamai suna kawo labarin Ammar ɗan Yasir, wanda aka azabtar a Makka har ya furta kalmar kafirci, aya ta 106 a Suratun Nahli ta wanke shi saboda zuciyarsa tana natse da imani. Na kuma ji cewa Imamu Malik ya sha bulala a Madina kan fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai saku ba. To amma Ammar iyayensa aka kashe, kuma abin da ya furta kansa kaɗai ya shafa. Ni da albashi kawai aka tsorata ni, wani kuma ya kwana a ciki.

Wani abokina ya ce in bar zancen, haka Allah ya ƙaddara. Maganar ba ta kwanta mini ba, ta yi mini kama da ta 'yan Jabariyya masu cewa bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. In da haka ne, me ya sa hannuna ya yi ta rawa kafin in ɗauki biron?

Malam, ina iyakar tilas? Tsoron talauci yana shiga ciki, ko sai an ɗora wa mutum wuƙa a wuya? In kuma laifin nawa ne, istigfari ya wadatar, ko sai na fito na warware shaidar ko da aikina zai tafi? Shekaranjiya mutumin da aka sallama ya turo mini saƙon gaisuwa. Bai san da hannuna ba, har yanzu na kasa ba shi amsa.

Naka,
Mai neman mafita