Dokar muhalli da ta teku: sana'ar da ɗaliban lauya na Arewa ke tsallakewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da masu karatun lauya a jami'o'inmu. Da yawansu ba su hango komai bayan shari'ar filaye, gado, laifuka da kamfanoni. Ka ambaci dokar teku, sai a ce me ya haɗa ɗan Kano da teku. To, kwantenar da ake saukewa a tashar tsandauri ta Dala ko ta Kaduna ta jirgin ruwa ta iso ƙasar nan, kuma dokar sufurin ruwa ce ke hukunci a kan takardunta. Jamhuriyar Nijar ma, da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓa, Kashi na 10 na Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ya ba ta haƙƙin kai kayanta bakin ruwa ta ƙasashen maƙwabta.

Wannan yarjejeniya, da ta fara aiki a 1994, ita ce karatun farko. Daga gaɓa zuwa mil 12 na teku (kowane mil mita 1,852 ne) ruwan mallakar ƙasar da ke gaɓar ne. Zuwa mil 200, kifi da man da ke ciki nata ne, amma jiragen duniya na da 'yancin wucewa. Bayan nan, idan ƙasa ta kawo hujjar cewa doron ƙasarta ya ci gaba a ƙarƙashin ruwa, tana iya samun ƙarin ƙasan teku, ban da ruwan da ke sama. Ta haka Najeriya ta samu ƙarin kusan murabba'in kilomita 16,300, kamar yadda aka sanar a 2024. Masana duwatsu da masu auna zurfi ne suka kawo alƙaluman, lauyoyi suka ɗora su a kan Sashe na 76 na yarjejeniyar.

Kada a ɗauka layuka ne kawai a taswira. A 2018 sojojin ruwan Najeriya sun kama jirgin dakon mai San Padre Pio, mai tutar Suwizalan, yana juye mai a cikin yankin mil 200. Suwizalan ta kai ƙara kotun dokar teku da ke Hambug a Jamus, kuma a Yulin 2019 kotun ta ce a saki jirgin idan an ajiye jinginar dala miliyan 14. Tambayar da aka yi ta gardama a kai guda ce: ikon ƙasa a wannan yanki ya kai ga hana juyen mai daga jirgi zuwa jirgi ko bai kai ba?

A cikin gida kuwa, tun bayan gubar da aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988 dokokinmu suka fara taruwa: dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai a 2006, NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da NIMASA mai kula da sufurin teku a 2007. Haddace su ba wuya. Wuyar tana wurin da ƙara ke mutuwa, kuma galibi ba don mai ƙara ba shi da gaskiya ba.

Na farko hurumi ne. Sashe na 251 na tsarin mulki ya keɓe harkar mai, ma'adinai da sufurin teku ga Babbar Kotun Tarayya. A shari'ar Shell da Isaiah a 2001, Kotun Ƙoli ta rushe diyyar da kotun jiha ta bayar saboda wannan kaɗai. Sannan Sashe na 20, mai maganar kare muhalli, yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara da shi tsurarsa. Shi ya sa gogaggen lauya ke jingina shi da haƙƙin rayuwa da Sashe na 24 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, kamar yadda aka yi a shari'ar Gbemre da Shell ta ƙona iskar gas a 2005.

Amma inda aka fi faɗuwa shi ne hujja. Idan mai ya malala, ana yin ziyarar bincike ta haɗin gwiwa: hukuma, kamfani da wakilan gari. A takardar wannan rana ake rubuta musabbabi. In aka rubuta cewa ɓarayi ne suka fasa bututu, dokar bututun mai ta toshe ƙofar diyya, kuma sau da yawa wakilin gari ya sa hannu bai karanta ba. Samfurin ruwa ko ƙasa ma yana da ƙa'ida. Na mai a kwalbar gilashi ake ɗiba, ba a roba ba, a rufe, a sanyaya kusan digiri 4, a rubuta rana da sa'a da lambobin wurin na GPS. A ɗebi wani daga sama da inda gurɓatar ta fara, don kwatanci. Duk hannun da kwalbar ta bi har ɗakin gwaji sai ya sa hannu. Giɓi ɗaya a wannan jeri ya ishi lauyan kamfani ya ce an canza ruwan a hanya. Wannan ilimin shi ne dai ake buƙata a kan ruwan majemu na Challawa, da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Hanyar shiga kuwa ba ɓoyayya ba ce. A shekarun digiri a ɗauki darasin dokar muhalli, dokar mai da dokar ƙasa da ƙasa, a rubuta kundin kammalawa a kan ɗaya. Bayan Makarantar Lauyoyi, a nemi yin bautar ƙasa a ɗaya daga hukumomin nan ko ma'aikatar muhalli ta jiha. Digiri na biyu a dokar teku ana yin sa a cibiyar nazarin dokar teku ta duniya, IMLI, da ke Malta, wadda aka kafa a 1988, kuma tallafinta yawanci ta hannun gwamnati yake bi, don haka ma'aikacin hukuma ya fi samun dama. Kotun Hambug tana ɗaukar masu koyon aiki. A koyi Faransanci tun yanzu: da shi da Turanci kotun ke aiki, kuma babu mai sakewa a Hukumar Tafkin Chadi ta Njamena ko ta Kogin Neja da ke Yamai ba tare da shi ba.

Maganar kuɗi, kada a yaudari kowa. Kare talakawa jinkiri gare shi. Malalar man Shell a garin Bodo na jihar Ribas a 2008 ta faru, sai a 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55, a Landan ma ba a gida ba. Abincin yau da kullum yana wajen ba kamfanoni shawara, inshorar jirage da aikin gwamnati.

Ɗalibin da ke son gwada kansa ba sai ya jira digiri ba. Kafin a amince da babban aiki kamar madatsar ruwa ko masana'anta, ana baje rahoton illarsa ga muhalli na kwanakin aiki 21 a ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa. Ya je ya karanta ɗaya, ya duba ko an auna ruwan rijiyoyin garin a rani da damina, ya rubuta ƙorafinsa kafin wa'adin ya cika.

Wassalam.

Daga wasu lauyoyi masu bibiyar jaridarka, Kaduna.