Ƙananan Dangin Zanzaro Sun Cancanci Gurbi a Jaridarku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana a kan labaran da ake ji jefi-jefi cewa masana sun gano wani sabon nau'in ƙwaro dangin zanzaro wanda ba shi da fiffike, domin na lura mutanenmu kan ɗauki irin wannan bincike a matsayin aikin waɗanda suka rasa abin yi.

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a kusurwar zaure ya ga tsutsotsin da ya sumar ya cusa a ciki don 'ya'yansa su ci. To, yana da dangi dubbai da ba sa gini, sai dai su saka ƙwansu a jikin wani ƙwaro ko a cikin ƙwansa, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye mai masaukinsa. A 1997 masanin ƙwari Edward Mockford ya bayyana ɗaya daga cikinsu a jihar Illinois ta Amurka, mai suna Dicopomorpha echmepterygis, wanda namijinsa ba shi da fiffike, ba shi da ido, kuma mafi ƙanƙantarsa da aka auna tsawonsa milimita 0.139 ne kacal. Ikon Allah ke nan, halittar da ƙwayar gero ta fi ta girma nesa ba kusa ba.

Amfanin sanin waɗannan halittu ɗaya bayan ɗaya mun gan shi a gonakinmu. Lokacin da farin ƙwaron rogo ya addabi Afirka tun daga shekarun 1970, an ɓata lokaci ana tattaro maƙiyan wani ƙwaro dabam da ya yi kama da shi, har sai da aka gano ainihinsa a Paraguwai tare da ɗan zanzaron da ke kashe shi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara sakin wannan ɗan zanzaro a Nijeriya a 1981, rogo ya farfaɗo, kuma masanin ƙwari Hans Herren ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aiki. A Nijar ma, manoman Maraɗi suna rataya ƙananan buhuna masu ɗauke da wani ɗan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor don yaƙar murzuna a zangarniyar gero.

Abin da ke damuna shi ne feshin da muke yi barkatai, wanda ba ya bambanta ɓarawo da mai gadi. Ina roƙon jaridarku ta riƙa tuntuɓar masana ƙwari na jami'o'inmu, su bayyana wa manoma da Hausa waɗanne ƙwari ne bai kamata a fesa wa magani ba.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Katsina