Marubucin shiri ma yana da haƙƙi a kan abin da ya rubuta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana kan sana'ata, wato rubuta shirye-shiryen talabijin masu dogon zango. Shafinku na nishaɗi kusan kullum hira ce da jarumai da mawaƙa, har matasa suka ɗauka duk wanda ba ya tsayawa gaban kyamara ɗan rakiya ne.

Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya yake ci a allo, saboda haka kashi mai minti 40 yana neman shafi 40 ko kusa da haka, kuma mako mai zuwa ana jiran wani. Dole ka san inda za a tafi talla, ka ƙulla wata rigima a daidai wurin don kada mai kallo ya canza tasha. Duk wannan da sauƙi. Mai wuyar ita ce wayar tsakar dare, darakta ya ce maka jarumar da ke fitowa a uwa ta yi tafiya, gobe da sassafe za a ɗauka, ka san yadda za ka yi. Haka zan zauna in kwashe maganganunta in ɗora wa ƙanwar miji, in ƙirƙiro dalilin da ya fitar da uwar daga gida, in kuma tabbatar dalilin bai ci karo da abin da aka riga aka nuna ba. In fitowar ta yi armashi a yaba wa jaruma, in ta yi lami a ce marubuci ya fara shirme.

Rashin yabon bai dame ni kamar maganar kuɗi ba. An taɓa biya na sau ɗaya a kan wani shiri, daga baya aka yi ta maimaita shi, aka sayar wa wata tasha, aka ɗora a YouTube yana tara kuɗin talla, ni kuwa ko sannu.

A Amurka irin wannan ce ta sa marubuta kusan 11,500 suka ajiye alƙalami ranar 2 ga Mayu, 2023, suka yi kwana 148 suna yajin aiki. Nan take shirye-shiryen barkwanci na dare suka tsaya, domin babu mai rubuta abin da za a faɗa. Da aka sasanta a watan Satumba, sun samu ƙarin kuɗi a kan shirin da ya samu karɓuwa a manhajoji irin su Netflix, aka kuma amince ba za a ɗauki ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai yin rubutu da kanta (AI), a matsayin marubuci ba. Ladan maimaici kuwa, wato kuɗin da ake biyan marubuci in an sake nuna shirinsa, magabatansu sun daɗe da ƙwato shi, har da yajin 1960.

Ban ce kowa ya tafi yaji ba. Abin da nake faɗa wa masu tasowa shi ne kada su miƙa ko shafi ɗaya sai da yarjejeniya a rubuce, komai amincin da ke tsakaninsu da furodusa. A rubuta nawa ne kowane kashi da ranar biya, sau nawa za a sa ka gyara kafin gyaran ya zama sabon aiki, da kuma kasonka idan aka sayar da shirin a wani wuri.

Naka,
Wani marubucin shirye-shiryen talabijin