Wasiƙa daga Marrakesh, bayan na sauko daga Tubkal

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, kai da Umma da amarya mai jiran gado. Na san ka yi fushi. Wata uku shiru, ga tambayarka kan lefe ban amsa ba. Zan zo kanta a wasiƙa ta gaba, amma yanzu bari in fara amayar da abin da ke cikina, don tun da muka sauko ranar Lahadi ba ni da wani zance sai shi.

Na je dutsen Tubkal na nan Maroko da allunan zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙafata. Shi ne dutse mafi tsawo a arewacin Afirka, mita 4,167. Kai da ka zauna hutawa sau biyu kafin ka kai saman Dala, sai ka lissafa.

Ka tuna damuna biyu kana yi min tsiya wai na zama Bature saboda koyon zamiya a Ukaimeden? Can akwai kujera mai igiya da ke kai mutum sama. Nan babu inji, babu hanya, ƙafarka ce motarka. Daga ƙauyen Imlil muka tashi, bayan jandarmomi sun duba fasfo, domin tun 2018 ba a barin kowa ya hau ba tare da jagora ba. Alfadarai suka ɗauki kayanmu, muka wuce farin dutsen nan na Sidi Shamharush inda mutane ke zuwa neman waraka. Da dusar ƙanƙara ta fara kai wa dabbobin gwiwa, masu su suka sauke mana kaya suka juya. Muka kwana a masaukin da ke mita 3,207, kaina na sarawa saboda ƙarancin iska.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda ake hawa tudu da abu mai santsi. Ana manna wa ƙasan allon wani ƙyalle mai gashi, suna ce masa fata. Ka san in ka shafa bayan akuya ka bi kwancin gashi hannu zai sulale, in ka juyo sai ya cije? To haka yake. Ka tura ƙafa gaba ta tafi, ta zo zamewa baya ta kafe. Yatsu ne kawai a ɗaure, dunduniya a sake.

Da asuba muka fita da tocilan a goshi. Alwala da ruwan buta mai ɗumi na yi, kafin in idar da salla gemuna ya daskare. Af, wai da gaske ne ƙanin naka ya bar shagon Kwari ya koma siyasa? Goggo ce ta tsegunta min, ban gaskata ba.

Mun yi awa uku muna tafiya, mun doshi wuyan dutsen, sai na ji ƙasa ta ce "gum" a ƙarƙashina, kamar an doki babban ganga daga nesa. Wata tsaga ta gudu gaban allona. Jagoranmu, dattijo ne Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar Berber, mai ƙarancin magana, ya ɗaga hannu kowa ya tsaya cak. Ya ciro shebur ya haƙa rami, ya kira ni in sa hannu. Sama tauri kamar ƙanzo, iskar dare ce ta tara ta daɓe shi. Ƙasa kuwa wani gari ne mai warwatsewa kamar sukari, ba ya dunƙuluwa. Faifan sama yana zaune ne a kan abin da ba zai riƙe shi ba, zai iya zaftarowa ya binne mu. Kowannenmu na da na'ura a ƙirji mai nuna inda mutum yake in ƙanƙara ta binne shi, da sandar tsokana, da shebur, amma wanda ya wuce minti 15 a ƙarƙashi da wuya a ciro shi da rai. Ya ce "safi", wato ya isa. Muka juya.

Wallahi na ji zafi, don ina hango ƙololuwar. Amma da muka sauka wuri mai aminci muka ɓare fatun, muka kulle dunduniya, sai na sami abin da ban taɓa samu ba. Fili fari fat, babu sawun kowa, rana ta fara taɓa duwatsun, ba ka jin komai sai shuuu na allo da numfashinka. Na waiwaya na ga layina yana lanƙwasa kamar rubutu a sabon allo. Hawaye ya zo min, na yi ta hamdala.

Zan koma a Maris in Allah ya yarda, dattijon ya ce lokacin ƙanƙarar ta fi zama daram. Don Allah kada ka gaya wa Umma zancen tsagar nan, tun girgizar ƙasar 2023 hankalinta bai kwanta da zamana a nan ba. In ka sami mai tahowa ka aiko min da kilishi da yaji, a can sama na fi kewarsu.

Ka gaida 'yan majalisa duka.

Naka har kullum.